Na je wurin koyon harbi a Lekki, ina so a ba ni shawara

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ni ne baƙon da Ɗan Agege ya saka a zauren nan satin da ya wuce, daga Kano na zo ɗaukar kaya sai kwantenar ta maƙale a tashar jirgin ruwa ta Apapa aka ce sai Talata. Jiya Asabar zaman ɗaki ya ishe ni, sai mai masaukina ya ce in shirya mu tsallaka Lekki zai nuna min wani abu, muka bi ta gadar Third Mainland gosulo ya riƙe mu kusan awa biyu, da muka isa ashe wurin koyon harbi ne a cikin gini, da AC da komai. Bindigar iska ce suke amfani da ita, wadda ake sa mata 'yar ƙaramar dalma kamar ƙwayar dawa, babu albarushi a ciki. Kafin su bar mu mu taɓa komai sai da muka cike fom, suka duba katin shaida, suka ba mu gilashin kare ido, sannan wani matashi mai koyarwa ya tsayar da mu ya yi ta maimaita mana doka har sai da muka haddace. Ka ɗauka kowace bindiga akwai harsashi a ciki ko da kai ka cire da hannunka. Kada bakinta ya kalli mutum. Yatsanka kada ya shiga wurin kunama sai ka gama saiti. Ka san abin da za ka harba da abin da ke bayansa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, bayan na yi harbi na uku na ga ya shiga cikin baƙin da'irar, murna ta kama ni na juyo zan nuna wa Ɗan Agege, bindigar na hannuna ban ma san ta juyo tare da ni ba. Wallahi kafin in rufe baki yaron nan ya damƙe bakin bindigar ya danna shi ƙasa ya daka min tsawar da tun ina makarantar allo rabon da a yi min irinta. Da na duba sai na ga saitin cikin abokina take. Jikina ya yi sanyi har muka dawo gida ban iya cin abinci sosai ba. Na sa hoton a status, yayata ta kira ni daga Kano tana faɗa wai me ya kai ni. Shi ne nake tambaya, zuwa irin wannan wuri laifi ne ko kuwa abu ne da ya kamata mutum ya sani?

Ɗan Agege:
Wa alaikumus salam. Duk abin da ya faɗa haka aka yi, ni ne a tsaye a gefensa. Ni dai ban ga laifi ba, zuwana na uku kenan, kuma duk wanda na kai yana fitowa da natsuwa fiye da yadda ya shiga. Kuɗin ne dai da ɗan ciwo, abin da muka biya mu biyu zai yi cefanen kwana uku a gidana.

Mai Tumatir na Mile 12:
Ikon Allah, dama akwai irin wannan a Legas? Shekarata 14 a garin nan ban taɓa ji ba, mu daga kasuwa sai masallaci sai ɗaki. To ba kama mutum za a yi ba?

Hajiya Mai Atamfa:
Baban Ummi yayarka ta fi ka gaskiya. Ni na ga hoton kafin ma ka yi magana, na ajiye wayar na daɗe ban ɗauka ba. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya a gona aka harbe shi a ƙauyenmu can Zamfara, ya bar mata da yara biyar, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba, yanzu biyu suna hannuna a nan Idi-Araba. Babban cikinsu har yau in yaran unguwa suka fasa nokawut lokacin Kirsimeti sai ya shige ƙarƙashin gado yana rawar jiki. To ka ce min a biya kuɗi a shiga AC a riƙe bindiga ana murmushi ana hoto? Ba na ce kai mugu ba ne ƙanena, amma abin da ya zama makoki a gidajenmu bai kamata ya zama wurin shaƙatawa ba.

Baban Ummi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa Hajiya, Ya raya abin da ya bari. Wallahi ban yi tunanin wannan ɓangaren ba lokacin da na sa hoton.

Maman 'Yan Biyu:
Allah Ya gafarta masa Anti, Ya ba ku haƙuri.

Baba Saja:
Hajiya Allah Ya jiƙan mamaci. Bari in sa baki tunda ni wannan abin shi na ci abinci da shi shekara da shekaru. A Defo na Zariya aka horar da mu, kuma na je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Ku sani a Defo ba a miƙa wa kurtu harsashi ranar da ya zo, sai ka yi ta kwance bindiga kana haɗawa kana gogewa har ka iya yi ido a rufe, ka kwana da ita ka tashi da ita babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, sannan a kai ka filin harbi. Kuma ranar da ka kuskura ka juya bakinta wajen ɗan'uwanka, hukuncin da za ka sha ba za ka manta ba har ka tsufa. Saboda haka yaron da ya yi maka tsawa, Baban Ummi, ka koma ka yi masa godiya, ya san aikinsa.

Abin da na gani da idona shi ne, wanda bai san bindiga ba shi ya fi kowa wasa da ita. Ku duba bukukuwan da ake harba adaka sama, ko 'yan sintiri na unguwa da ake ba su harba-ka-ruga babu wanda ya koya musu komai, yaro ya rataya ta yatsa a kan kunama yana hira da mutane. Harsashin da aka harba sama ai dawowa yake, ba a can yake zama ba. Ni da za a tara duk wani ɗan banga a kai shi irin wurin nan a yi masa tsawar nan ko sau ɗaya ne, da an rage zawarawa. Amma maganar hoto ina bayan Hajiya ɗari bisa ɗari. Mu da muka ɗauke ta don aiki ba ma son tuna wasu abubuwan balle mu yi ado da ita.

Ɗan Agege:
Baba Allah Ya ƙara girma. Amma fa wannan ta iska ce, ba irin taku ba, ko ƙara ba ta yi sosai, tas kawai za ka ji.

Baba Saja:
Ɗana kada ka ƙara cewa haka. Ta iskar tana fasa ido, kuma in ta sami wuri mai laushi a kusa tana iya kisa. Hannun da ya saba sakaci da ƙarama shi zai yi sakaci da babba.

Barista:
Salam. Mai Tumatir ya yi tambaya mai muhimmanci ba a amsa masa ba, bari in ɗan yi bayani a taƙaice. Dokar bindigogi da muke aiki da ita tun ta 1959 ce, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindigar soja, mashinga, da fistol, waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai kamar bindigar farauta, waɗannan Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne bindigar iska ma tana cikin wannan kashin. Na uku su ne irin su adaka da ake ɗurawa ta baki, su kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda bai kai shekara 17 ba ba a ba shi lasisi. Sannan a 2023 Sufeto Janar na lokacin Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

To abin da nake so ku riƙe shi ne, ka je wuri ka yi harbi a ƙarƙashin kulawarsu daban, ka sayi taka ka ajiye a gida daban. Kada wani ya je ya ji daɗi ya dawo ya ce zai yi odar bindigar iska ta intanet ya sa a but ɗin mota, in aka tare ka a shingen bincike ba ruwan ɗan sanda da cewa ta wasa ce. Kuma kafin ka biya kuɗi a kowane irin wuri ka tambaye su takardar izininsu, wurin kirki ba zai ji haushin tambayar ba.

Mai Tumatir na Mile 12:
Barista na gode. To ai ni na tuna gwamnan Zamfara ya taɓa cewa kowa ya nemi bindiga ya kare kansa, ina aka kwana a wannan?

Barista:
Eh Bello Matawalle ne a watan Yunin 2022, kafin shi ma Aminu Masari na Katsina ya yi irin wannan kiran. Amma maganar gwamna ba ta canza dokar tarayya, har Babban Hafsan Tsaro na lokacin Janar Lucky Irabor ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin.

Hajiya Mai Atamfa:
Kun gani ko. Talaka a ƙauye an ce ya kare kansa an kuma ce ba shi da izini, ɗan ta'adda kuma ba ya neman izinin kowa, AK-47 ce a kafaɗarsa yana yawo da rana tsaka. Mai kuɗi a Lekki ya biya ya yi wasa. Wannan shi ne abin da ke ƙona min rai, ba Baban Ummi ba.

Malam na Idi-Araba:
Assalamu alaikum. Hajiya Allah Ya sanyaya zuciya. Game da tambayar ko laifi ne, asalin koyon harbi ba laifi ba ne a addini, abin yabo ne ma. Ya tabbata a Sahihu Muslim daga Uƙbatu ɗan Amir cewa Annabi (SAW) ya karanta ayar Suratul Anfal da ke umarni da tanadin ƙarfi, sannan ya ce ku saurara, ƙarfi shi ne harbi, har sau uku. Amma Annabin da ya faɗi haka shi ne kuma ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya ce bai sani ba ko Shaiɗan zai fizge hannunsa. Har wanda ya ratsa masallaci ko kasuwa da kibau an umarce shi ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo. Kun ga dokar da yaron nan ya karanta muku a Lekki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da zan ƙara kawai, a duba niyya, a kiyaye dokar ƙasa, kada kuma a bar salla ta wuce ana layin harbi. Shi kuma hoto, in zai tayar wa wani da miki, barinsa ya fi.

Baban Ummi:
Allah Ya saka da alheri Malam. Mun yi La'asar a can, masu gadin wurin 'yan Arewa ne suka ba mu buta da tabarma.

Alhaji Mai Waya:
Ni na taɓa yin na harsashin gaske a Dubai lokacin da na je sarin waya, abokin cinikina ne ya ja ni. Sun karɓi fasfo ɗina suka sa min abin toshe kunne irin mai kama da hedfon, suka ba ni Glock 17, fistol ce ƙirar Ostiriya mai cin harsashi 9mm. Jama'a abin da kuke gani a fim ƙarya ne wlh. Harbi na farko da na yi bindigar ta yi tsalle a hannuna, ƙarar kuma duk da abin kunnen sai da na ji ta a ƙirjina, ga warin albarushi, sannan kwanson harsashin ya fito da zafinsa ya faɗa cikin wuyan jallabiyata, na so in yi tsalle in kakkaɓe amma mai koyarwar ya riƙe min hannu gam ya ce in fara ajiye bindigar tukuna. Tabon ya yi sati a wuyana. Shi ya sa suke cewa a sa riga mai rufe wuya da takalmi rufaffe, ban da silifas. Harsashi goma na saya, bakwai na harba na ce ya isa. Tun daga ranar in na ga ɗan sanda a bakin hanya yana nuna direban danfo da bindiga saboda kuɗin shan ruwa sai gabana ya faɗi, don yanzu na san abin da ke cikin ƙarfen nan.

Maman 'Yan Biyu:
Bari in yi magana ta ɓangaren aikina tunda nas ce ni. Abu biyu ake mantawa. Na farko kunne. Ƙarar fistol irin wadda Alhaji ya harba tana kaiwa wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali daga 140 ko sau ɗaya ne tana iya lalata ji, kuma a cikin gini ƙarar bugun bango take ta dawo. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Na biyu dalma. Harsashi da 'yan ƙwayoyin bindigar iska yawancinsu da dalma ake yin su, tana maƙalewa a yatsu, a wurin harsashin gaske kuma har ƙurarta tana tashi a iska. Dalma guba ce musamman ga yara da masu ciki, ai ba mu manta abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba. Don haka mai juna biyu kada ta je, kada a ci abinci a wurin, a wanke hannu da sabulu kafin a fita, in an dawo gida a canza kaya kafin a ɗauki yaro. Baban Ummi ka wanke hannu kuwa?

Baban Ummi:
Na yi alwala dai Anti amma ban sa sabulu ba, kuma da muka fito mun tsaya mun ci tsire a hanya. Da na sani.

Maman 'Yan Biyu:
Sau ɗaya ba zai yi maka komai ba in sha Allahu, masu zuwa kullum da ma'aikatan wurin su ne abin ji. A kiyaye gaba dai.

Baba Saja:
'Yata kin faɗi gaskiya a kan kunne. Kunnena na hagu yau shekara kusan talatin yana min ƙara kamar gyare, dare ya fi tsanani, jikokina sai sun zagayo ta dama suke min magana. A zamaninmu babu mai ba ka abin toshewa.

Auta:
Ina wuni iyayena da yayyena, ni ɗalibi ne a Yaba, a yi min afuwa in sa baki. Ni ina ganin ana haɗa abu biyu ne. Harbin bindigar iska daga mita 10 wasa ne da ake yi a gasar Olamfik, ƙwayar milimita 4.5 ce, kuma a ɓangaren doguwar bindiga ɗigon tsakiya da ake nema rabin milimita ne kacal. Ku tuna mutumin Turkiyya Yusuf Dikeç da ya ci azurfa a Paris a 2024, hannu ɗaya a aljihu, yana da shekara 51, duk duniya aka yi ta yaɗa hotonsa. Wasan natsuwa ne da riƙe numfashi. Mu da muka taso muna harbin tsuntsu da danƙo, ga mafarauta a kowane gari, da za a buɗe irin wannan a Kano ko Kaduna a ƙarƙashin doka ina da yaƙinin za a sami yaran da za su wakilci Najeriya. Dambe ma ai duka ne amma ba mu ce ɗan dambe ɗan daba ba ne.

Hajiya Mai Atamfa:
Auta ɗan dambe ba ya shiga ƙauye ya kashe mutum arba'in da dunƙulen hannu. Na ji maganarka kuma ba ta wofi ba ce, amma a Arewa a yanzu, da yunwar nan da zaman banzan nan, ka buɗe wurin koya wa samari saiti? Wa zai tantance wanda ya shigo?

Auta:
Haka ne Mama, tantancewar ita ce matsala. Sai dai waɗanda ke daji ba a irin wannan wurin suka koya ba.

Ɗan Agege:
Auta ya taɓo inda nake so. Maganar natsuwa gaskiya ce. Baban Ummi ba ka ba su labarin idonka ba.

Baban Ummi:
Af, na manta. Harbina biyu na farko duk gefe suka tafi, ko takardar kirki ban samu ba. Sai mai koyarwar ya ce in ajiye bindigar, in miƙe hannuwana biyu in haɗa su in bar 'yar ƙofa a tsakiya, in leƙa baƙin ɗigon ta ciki da ido biyu, sannan in rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Da na rufe na hagu sai ɗigon ya ɓace, da na rufe na dama yana nan daram. Ya ce to kai da hannun dama kake aiki amma idonka na hagu ne shugaba. Shekarata 41 ban san haka ba. Ya gyara min tsayuwa, ya ce in ja numfashi in saki rabi in tsaya, in matsa kunamar a hankali kamar ina matsa ɗigon magani a idon yaro, kada in fizga. Shi ne na ukun ya shiga. A daidai wannan lokacin wallahi na manta da kwantena da kuɗin ajiya da ake ƙara min kullum a Apapa, babu komai a kaina sai ɗigon nan. Daga nan ne kuma na yi juyin da na ba ku labari.

Hajiya na cire hoton tun ɗazu da kika yi magana. Ki yafe min. In babu damuwa kafin in koma Kano ina so in zo in gaishe ki in ga yaran, Ɗan Agege ya san shagon.

Hajiya Mai Atamfa:
Babu komai ƙanena, Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Ka zo, bayan Azahar ina shago. Ra'ayina dai bai canza ba, ni ƙafata ba za ta taka wurin ba kuma ɗan da ke hannuna ba zai je ba. Don Allah in ka zo kada ka yi zancen a gabansu.

Baban Ummi:
In sha Allahu ba zan yi ba.

Mai Tumatir na Mile 12:
Ni kam maganar Baba Saja ta tsaya min a rai. Akwai yara uku da ke mana gadin rumfa da dare, 'yan garinmu ne, ba bindiga suke riƙewa ba amma a gida duk 'yan sintiri ne, in damina ta yi suna komawa. Baba ko za ku daure ku zo ku zauna da su ko na awa ɗaya ne ku faɗa musu dokokin nan da baki? Ni zan biya kuɗin mota.

Baba Saja:
Ba sai ka biya ba, bas ɗin BRT zan hau daga Ikorodu ta sauke ni a Mile 12. Ka tara su ranar Laraba bayan La'asar lokacin kasuwa ta lafa. Ka nemo min sandar tsintsiya guda uku masu tsayi, da su za mu yi.